Jan Maɓalli: Ta'aziyyar Malam Abdussamadu Atiku

Ga kacici-kacici, ku da kuka fi ni karatu: wane ne aka kai shi makwancinsa ranar Talata, amma jiya da hantsi ya yi mini faɗa a cikin ɗakina? Ku riƙe shi tukuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 1994, Allah ya karɓi ran Malam Abdussamadu Atiku a gidansa da ke Badariya, Birnin Kebbi, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa talatin da biyu. Shi ne jami'in da ke zagaya makarantun firamare yana koya wa malamai aiki da rikoda da rediyo a cikin aji. Ni kuwa Laure ce, malamar aji ɗaya a Argungu, ƙanwar kakarsa Adama. Tun yana rarrafe nake ce masa angona. Da ya girma sai ya ce ya fasa, amaryar ta yi giɓi.

Abdussamadu, ba ka kyauta mini ba. Kai ya kamata ka zauna ka rubuta tawa, da rubutunka mai kyau. Ga shi ka bar tsohuwa tana fama da biro.

Abokan aikinka za su faɗi nasu. Ni abin da ya faru tsakanina da kai zan faɗa.

Ba a daɗe da ba mu jiharmu ba takarda ta zo daga ofis, cewa za a duba duk malamin da ba shi da takardar shaidar koyarwa, wanda aka ga bai iya aiki da sababbin kayan koyarwa ba a sallame shi. Ni karatuna firamare ne da kwas na wata shida. Shekara ashirin da biyu ina koya wa ɗiyan masunta da manoman shinkafa abacada da ƙirga, kuma tun da maigidana ya rasu ajin nan ne abin da ke tashe ni da safe.

Sai ga ka a kan babur, da rikoda naɗe cikin tawul, da kaset guda na darasin Turanci wanda makarantu uku ke karɓa-karɓa. Ka nuna mini maɓallai cikin sauri kamar mai korar kaji, ka wuce.

Ranar Litinin na ajiye akwatin a kan tebur. Duk maɓallan baƙaƙe ne sai guda ja. Na ce wannan da aka yi wa ado shi ne babba, na danna shi da maƙwabcinsa. Abu ya kama juyi, shiru. Na ce wa yara Baturen angona kunya yake ji, mu yi namu kafin ya sake. Muka ɗauko ƙirga da waƙar masunci da kifayensa. Tsakani ina gulmar akwatin da mai shi, har na gaya musu yadda ka jiƙa mini sabon zane ranar sunan ƙanwarka ina goye da kai.

Ranar Alhamis ka zo ɗaukar kaset. Hedimasta Malam Labbo ya ce a kunna a ji lafiyarsa. Sai muryata ta fito, tas, babu Bature babu alamarsa. Malam Labbo ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san saura mako uku masu dubawa su zo, kuma layi guda a rahotonka ya isa ya raba ni da ajina.

Ba ka kashe ba. Ka saurara har ƙarshe, har wurin zanen, kana ta jan sanda-sanda a takarda.

Ka ce, “Kaka, mi kinka yi ma Baturena?”

Na ce, “Ni ban taɓa shi ba, angona. Ganina yay yi ya gudu.”

Ka ce, “Sau arba'in da ɗaya ɗiyan ga sunka amsa miki. Shi kau ko sau guda ban ji an amsa mai ba.”

A rahoto ka rubuta cewa laifinka ne, ba ka bayyana aikin jan maɓalli ba. Gaskiya ce, amma ba kowa ke rubuta irin wannan gaskiyar da hannunsa ba. Asabar uku a jere kana tasowa daga Birnin Kebbi, ka zauna a tabarmata, kana sa ni dannawa har yatsana ya haddace. Ja haɗiya yake yi, baƙi shi ke faɗi. Haka ka koya mini, haka na riƙe.

Ranar dubawa na ɗauki muryar yara suna ƙirga, na mayar musu. Wata yarinya ta ji kanta ta tsallake hamsin, ta gyara kafin in buɗe baki. Babban mai dubawa ya tambaye ni inda na yi wannan kwas. Na ce wurin mijina. Bawan Allah ya rubuta. Aka bar mini ajina.

Daga nan ka sauya yadda kake aiki. Duk makarantar da ka je, sai ka sa malami ya ɗauki darasinsa ya saurari kansa. Da yawa a nan suka fara jin cewa su kaɗai ke magana tun daga ƙararrawa har ƙararrawa. Ba ka taɓa kunna wa malami kuskurensa a gaban ɗalibai ba. Kaset ɗina kaɗai ka yi ta yawo da shi daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi har ƙauyukan fadama. Na ce ka goge wurin zanen ko don girmanka, ka ce wurin ne ke sa malamai su saki jiki.

Allah shi jiƙan ka, Abdussamadu. Allah shi haskaka kabarinka, shi rufa maka asiri kamar yadda ka rufa nawa, shi sa kowane harafi da yaro ya koya ta dalilinka ya zame maka sadaka mai gudana. Ina yi wa mahaifiyarka Fadimatu ta'aziyya, da mai ɗakinka Mansura, da ɗiyanka Taufiq da Rauda, da malaman Kabi baki ɗaya. Allah shi ba mu haƙuri, shi kyautata namu zuwan.

Wanda ya yi mini faɗa jiya Abdussamadu ne. Zuwansa na ƙarshe da gangan na danna ja yana shan fura. Minti huɗu ne a kaset, jiya na kunna su, kuma a ƙarshensu yana cewa, “Kaka, ɗauke yatsanki daga jan ga.”