Yatsun Gwaggo da Koriyar Fitila

Ƙanwata ta rasa idanunta tana da shekara bakwai, ƙyanda ce ta tafi da su. Ni a lokacin ina aji uku a makarantar mishan, inda ake bugun bayan hannu da rula idan layin rubutu ya karkace. Da wannan tarbiyya na girma: abin da ban auna ba, ban yarda da shi ba. Ita kuwa ta gama makarantar makafi, aka riƙe ta aiki a ɗakin buga littattafansu. Daga baya ni ma na sami aiki a ɗakin. Ni ke kula da inji, ita ke duba kowane shafi da yatsa kafin ya kai hannun ɗalibai. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shugaban makarantar.

Rubutun makafi ɗigo ne da allura ke turowa a jikin takarda mai kauri. Gaba da baya ake bugawa, kuma dole ɗigon baya ya faɗa a tsakanin na gaba. In takarda ta goce ko da kaurin farce ne, sai ɗigo ya hau ɗigo ya danne shi. Mai ido ba zai lura ba, amma makaho zai ji layin ya dagule.

Rola ce ta roba ke jan takardar, wani ɗan moto na lantarki kuma ke juya rolar taku-taku, taku ɗari biyu zagaye guda. Tsohon motonmu yana da hali ɗaya: in an ce ya yi taku arba'in, ya yi talatin da takwas, shi bai sani ba, balle ya gaya wa wani. Gwaggo ce ke gaya mana. Shekara ashirin da biyu tana haka, a kujerar katako kusa da taga, mabuɗin ɗakin a jakarta.

Ni na rubuta takardar neman sabon moto, da hannuna, na ja layi a ƙarƙashin kalmar "gaggawa". Wata yarinya injiniya ta zo ta ɗaura shi.

"Baba, wannan yana da ido a ƙeya," ta ce mini, tana nuna wani ɗan murfi a bayansa. "Akwai faifai a ciki da ke ƙirga juyinsa. In ya rasa taku, shi zai cike abinsa. In ya gagara, ya tsaya ya kunna jar fitila. Muddin koriya ce, lafiya lau."

Shugaba na tsaye yana ji. "Ashe duba kansa yake yi da kansa," ya ce.

Bayan mako uku ya kira ni ofis. Da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, za a ɗauke kujerar Gwaggo, a mayar da ita ɗakin kwanan 'yan mata ta riƙa lura da su. Ya karɓi mabuɗin daga hannunta ya ba ni, ya ce kada kowa ya ƙara taɓa injin sai ni. Ban gaya mata maganar kujerar ba. Ita ma ba ta tambaye ni ba, sai dai ta daina tsokanata a kan saiƙona, na gane ta sani.

Ranar jarrabawar Talata ce. A kulle tambayoyin ke zuwa da safe, a buga su a gaban jami'in jarrabawa, ɗalibai su zauna ƙarfe goma sha biyu daidai. Ɗalibai talatin da shida, kowa takarda bakwai. Aikin awa ɗaya da rabi ne in inji bai tsaya ba. Shugaba ya gayyato injiniya don ta ga motonta a babban aikinsa na farko.

Mun fara takwas da rabi. Goma saura minti biyar, saura kwafi uku a gama, Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Yaya, tsayar da injin nan."

"Me ya faru?"

"Ƙasan shafi ya dagule. Layi huɗun ƙarshe. Da fari kaɗan ne, na yi shiru ina tsammanin yatsana ne. Yanzu na koma kan na farkon, su ma ba su tsira ba."

Na dubi fitila. Koriya shar. Na ɗaga takardar na haska ta a taga, ban ga komai ba.

"Gwaggo," shugaba ya ce a hankali, "injin bai yi ƙorafi ba."

"Ranka ya daɗe, ba shi zai rubuta jarrabawar ba."

Jami'in jarrabawa ya dubi agogonsa. Ya ce doka ba ta yarda wani ɗalibi ko malamin aji ya taɓa takardun kafin lokaci ba, don haka babu wani makaho da za a kira ya raba gardama. In kuma sha biyu ta wuce da minti goma sha biyar, zai rubuta cewa makaranta ta gaza, yaran su jira baɗi.

Injiniya ta jona 'yar kwamfutarta da moton. "Ko taku ɗaya bai rasa ba, Gwaggo. Ga shi a rubuce."

"Karanta mini, 'yata, na bar tabarau a gida."

Ba wanda ya yi dariya sai jami'in, shi ma ya haɗiye ta.

Shugaba ya juyo gare ni. "Malam, kai ne mai inji, kuma ƙanwarka ce. Faɗa mini gaskiya. Ba maganar kujera ce ta sa take wannan ba?"

A nan ne na yi abin da har yau yake damuna. Ban ce a'a ba. Cewa na yi, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga komai ba."

Gwaggo ta ajiye takardar a cinyarta, ta shafe ta da tafin hannu. Ba ta juyo wajena ba.

"'Yata," ta ce wa injiniya, "idon nan da kika ce yana da shi, me yake kallo?"

"Sandar moton."

"Takardar fa, yana ganinta?"

Yarinyar ta juya ta leƙa cikin injin.

"To, wa ke goge rolar tun da aka karɓi mabuɗi?" in ji Gwaggo.

"Wace gogewa?" na ce.

"Haba Yaya. Kai bakwai da rabi kake zuwa, da takalminka mai ƙyalli. Ni bakwai. Kullum sai na jiƙa tsumma na goge robar nan, don garin takarda na liƙe mata ta yi santsi. Ka zaci aljanu ke yi maka?"

Shekara ashirin da biyu, ban taɓa sani ba.

Injiniya ta kashe inji ta sa yatsa a kan rolar. Na ga fuskarta ta canza. "Kamar kwalba," ta ce.

Shugaba bai gamsu ba. Ƙarfe goma da minti goma ta yi. In aka zubar da takardun aka sake, babu sauran lokacin wani kuskure. Na ciro rulata ta ƙarfe daga aljihu. Na sa farar takarda, na yi alama da fensir, na sa inji ya ja layi ashirin da biyar. Ya kamata ya zama milimita ɗari biyu da hamsin. Na auna sau biyu. Ɗari biyu da arba'in da tara. Moton ya cika takunsa cif, takardar ce ba ta bi shi ba.

"A sake," in ji shugaba.

Gwaggo ta zuge jakarta. Tsumman na ciki, a ninke cikin leda; mako biyar tana yawo da shi. Ita ta goge rolar, tana juya ta da babban yatsa, injiniya na fifita da kwali don ta bushe. Goma da minti ashirin da biyu muka tayar da inji.

Ban taɓa jin awa ɗaya da rabi mai tsawon wannan ba. Takarda na fitowa, ina miƙa wa Gwaggo, yatsunta na sauka kai tsaye ƙasan shafi, ta ce "Wuce." Injiniya na haɗawa bakwai-bakwai. Sha ɗaya da kwata wata takarda ta naɗe, jar fitila ta kama, inji ya tsaya cak. Da tsohon moton ne, da ya ci gaba da bugawa a kan ƙulli har ya ɓata allura. Na zare takardar, muka ci gaba, mun yi asarar minti uku.

"Ka ga, yaron kirki ne," in ji Gwaggo. "Abin da ya sani yana faɗa."

Daga taga muna jin ƙarar sandunan ɗalibai suna shiga zauren jarrabawa. Sha biyu saura minti biyar ta ce "Wuce" na ƙarshe. Jami'in ya rungumi takardun ya fita da sassarfa, shugaba na biye da shi. A bakin ƙofa shugaba ya tsaya.

"Malam, ba Gwaggo mabuɗinta."

Na sa mata shi a tafin hannu. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Sai da ka auna, ko? Mai saiƙo kawai."

Kujerar ta ƙara shekara shida a gefen taga. Da ciwon sukari ya fara kashe mata kan yatsu, ba ta jira kowa ya gano ba. Ita ta je ofis da sandarta, ta ce a nemo wata, don ta fara wuce layi ba ta ji. Wata uku ta zauna da sabuwar mai dubawar. Ranar farko, ƙarfe bakwai na safe, na tarar da su a gaban inji, Gwaggo ta kama hannun matar ta ɗora a kan rola, tana nuna mata yadda ake matse tsumman kada ruwa ya ɗiga kan moto.