Warin da Hancina Ba Ya Ji

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ina da shekara tara. Gidanmu a Warra yake, bakin ruwa. Bayan magariba Kaka, uwar babana, takan zauna gindin murhun banda tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Baba yana gefe yana ɗinkin taru.

Wata rana ta ce, "Ku matso, ga wata nan tafe." Ta ba mu labarin matar wani masunci da aljanar ruwa ta cika wa kwando da kifi, ta karɓe wari ɗaya tak daga hancinta. Matar tana jin hayaƙi, tana jin daddawa, amma ba ta jin ruɓaɓɓen kifi. Wata safiya ta dafa wa ɗanta kifin da ya kwana biyu. Yaron ya yini yana amai da gudawa. Kafin la'asar ya cika.

Muka yi dariya. Wace irin mata ce wannan?

Kaka ta jawo wata ƙwarya a rufe, da ruɓaɓɓen kifi a ciki, ta ce kowa ya sansana. Yayyena suka toshe hanci suna tofar da yawu. Ni na sa hanci na ja sosai.

"Hajo, mi kinka ji?"

"Kamar dafaffen dankali, Kaka."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Ke ce kinka gado ni. Babu wata aljana. Sunan yaron Garba, shekaratai ukku."

Allurar ɗinki ta faɗi daga hannun Baba. Garba wansa ne. Tun tasowar Baba, ce masa aka yi zazzaɓi ne ya kashe wan nasa.

"Inna, mi kika hwaɗi?"

Ba ta kalle shi ba. Ta damƙe kunnena. "Kada kihi ya shiga tukunyarki sai wani hanci ya sansana. Ko na maƙiyi ne."

Yau shekara talatin ina banda. Kullum sai na miƙa wa maƙwabciya ta sansana. Wani malamin asibiti ya ce mini ƙwayar gado ce a cikin hanci, wasu ake haifa haka. Na haifi shida, kifi bai kashe mini ko ɗaya ba.

Baba bai ƙara cin girkin Kaka ba har ta rasu. Ta san ɗanta, ta san haka zai yi. Tana iya jana ɗaki ta gargaɗe ni a ɓoye, amma ta san yaro ba ya riƙe maganar ɗaki. Sai ta faɗa a gabansa, yadda ba zan taɓa mantawa ba.