Mai Walda a Bakin Tukunya

A layin masu walda babu mai kiransa da sunan yanka. Tartsatsi suke ce masa tun yana koyon aiki, saboda rigarsa ba ta yin wata guda ba ta huje ba. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Mutum ne mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, idanunsa kullum jajir saboda hasken walda. In ka ba shi ƙarfe biyu ya san yadda zai haɗa su. In tukunya ka ba shi kuwa, sai dai ya liƙe mata hannu ya miƙo maka abarka.

Matarsa, Maman 'Yan-biyu, ɗinki take yi a wani kamfanin kayan makaranta. Tare suke fita da safe, ta riga shi dawowa da kaɗan, ƙafafu a kumbure. Don haka gidan ya daɗe yana rayuwa a kan abin leda da na gwangwani: taliyar da take nuna kafin ka cire takalmi, kifin gwangwani, burodin kanti, lemon kwalba, da miyar da ake antaya wa dunƙulen ɗanɗano har sai ta yi magana. Babu wanda ya ga laifi. 'Yan matan biyu suna ƙoshi, suna zuwa makaranta.

Ranar da matarsa ta kife a kan keken ɗinki, waya aka yi masa. Ya isa asibiti da gilashin walda a goshi. Ɓarin jikinta na hagu ya saki, bakinta ya karkace, tana kallonsa tana son magana abin ya ƙi fita.

Da za a sallame su likitar ta ja shi gefe.

"Hawan jini ne ya kayar da ita. Wannan karon ta sha. Na biyun ba na maka alkawari."

"Me zan yi, Likita?"

"Magani kullum, ba fashi. Sai abinci. Gishiri a rage shi har ya kusa ɓacewa. Dunƙule, gwangwani, burodin kanti, duk a ajiye, gishiri ne a ɓoye. Wa ke girki a gidan?"

Ya nuna gadon da matarsa take kwance a kai. Likitar ta ce ya miƙo hannu. Ta naɗa masa abin awo, ta duba, ta ɗago kai.

"Kai ma kana hanya. Tukunya ɗaya za ku ci, har yaran."

Haka Tartsatsi ya shiga kicin da girmansa. Kicin ɗin ƙarami ne, in ya juya kafaɗarsa sai ta ture wani abu. Shinkafar farko sama tsakuwa, ƙasa gawayi. Waken ya sha wuta har ruwa ya ƙone bai nuna ba. Miyar kuwa tumatir ne ya yi wanka a ruwan zafi. 'Yan-biyu suna cusawa suna satar kallon juna, ba mai iya cewa komai saboda fuskar babansu.

Burodi ne ya fi ba shi haushi, don da shi yaran suka saba karyawa. Ya yanka ƙarfe a shago ya haɗa akwatin gashi mai ƙofa da marfi, wanda za a ɗora a kan gas. Akwatin ya yi kyau, duk wanda ya gani sai ya yaba. Abin da yake fitowa daga cikinsa ne matsala. Ya kwaɓa garin alkama da yis kamar yadda mai kanti ya gaya masa, ya gasa, ya fito da abu mai nauyin bulo. Da ya kai guda shago don kada a yi asara, maƙwabcinsa mai gyaran babur ya ƙwanƙwasa shi a kan benci.

"Tartsatsi, in ka tara ɗari ka faɗa min, zan ta da katanga."

Ya yi murmushin yaƙe. A gida ba abin dariya ba ne. Maman 'Yan-biyu tana cin cokali biyu ta ture kwanon da hannunta mai lafiya. Ta rame, wuyanta ya fito. In ya matsa mata sai ta juya fuska bango.

Yayarsa ce take zuwa ta zauna da ita in ya fita aiki. Mace ce mai tausayi da kaifin baki, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kallon yaro take masa.

"Wannan abin da kake ba ta, ko akuya ta shinshina sai ta yi gaba. Ka bar min girkin nan."

"Yaya, hannunki yana da nauyi a gishiri."

"To ni ce zan kashe ta ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ciwo bai kashe ta ba, yunwa za ta ƙarasa ta. Ka rubuta ka ajiye."

Sai kuma abubuwa suka yi kamar sun gyaru. Ya riƙa dawowa yana tarar da kwanon rana a share. Ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka hannunsa ne ya fara faɗawa. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa. Ya sayi na'urar awon jini, kuma duk safiya in ya auna matarsa lambar hawa take yi maimakon sauka. Ya canza batir. Ya auna kansa, ya ga nasa ya ɗan sauka. Ya sake auna ta, yana kallon lambar tana wuce inda likita ta ce kada ta wuce. Ya duba kwalin magani, tana sha. Ya rage man girki, ya daina sa ko ɗan gishirin da aka yarda masa. Lambar ba ta saurare shi ba.

Wata ranar Asabar da azahar yana yanka kabeji ya ji ƙarar faɗuwar kofi. Ya sami matarsa ta dafe kai, idanu a rufe.

"Kaina. Kamar ana sara."

"Kalle ni. Ɗaga hannun nan. Kira sunana."

Ta kira, amma harshen ya yi nauyi, ya kasa tantance ko nauyin da ne ko sabo. Ya sungume ta kamar yarinya, ya sauko da ita daga bene, 'Yan-biyu suna binsa suna kuka. A bakin titi motoci suna wucewa, ya shiga tsakiyar hanya ya tare tasi da jikinsa. Duk tsawon tafiyar yana riƙe da fuskarta, yana kallon gefen bakinta ko zai ƙara zamewa.

Ba na biyun ba ne, Allah Ya taƙaita. Amma jinin ya hau sosai, sai da suka riƙe ta har ya sauka. Likitar ta dube shi ta saman tabarau.

"Me kake ba ta?"

Ya lissafa mata komai, har man da yake aunawa da cokali.

"To akwai abin da yake shiga cikinta wanda ba ka faɗa ba."

 Ya koma gida ya ɗebo wa matarsa zanin gado da matashi. Yana zare rigar matashin wani ƙulli ya faɗo ƙasa. Gishiri ne a leda, da dunƙule, wasu an ɓare an gutsura. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu a tafin hannunsa.

Ya bari sai da aka sallamo ta. Ya zaunar da ita, ya ajiye ƙullin a kan tebur. Yaya tana wurin, ta sunkuyar da kai.

"Ni na kawo," in ji Yaya. "Kuka take min. Na ce ɗan barbaɗe ba zai yi komai ba."

"Ɗan barbaɗe ne ya sa na ɗauke ta a kafaɗa."

 Bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma ta ɗauki mayafinta ta fita tana share ido. Ya juyo wurin matarsa.

"So kike ki bar min yaran nan?"

Ta yi maganar a hankali, kalma tana jan kalma.

"Baban 'Yan-biyu, abincinka ba ya ciwuwa. Ina ganin wahalarka, na kasa faɗa. Ina kwance ina jin ƙaurin albasa, na san ta ƙone, ba ni da ƙafar tashi. Kicin ɗina ne. Ko tambayata ba ka yi."

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Shi a ganinsa hutar da ita yake yi. Ya tashi ya ɗauko kujera ya kafa a ƙofar kicin, ya dawo ya tallabo ta.

Ashe ta iya girki tun tana gidan iyayenta, aikin kamfani ne ya raba ta da shi. Daga kan kujerar nan ta fara ba da umarni kamar mai gidan shago. Ya rage wuta. Ya bar albasa ta yi laushi har ta yi zaƙi kafin tumatir ya shiga. Ya jiƙa wake tun safe. Tafarnuwa da citta a daka su, lemon tsami sai an sauke tukunya. In ya yi gaggawa ta buga cokali a jikin kujera.

"Ba ƙarfe ba ne, Malam. Ba a narka shi."

Da aka zo kan burodi ta ce ya kawo ruwan kwaɓin ta taɓa. Ta tsoma yatsa ta fizge.

"Da wannan kake jiƙa yis? Ai dafa shi kake yi!"

"Ɗumi ne kawai."

Ta kama hannunsa ta juya. Fatar ta yi kanta saboda shekarun wuta, ba ya jin zafin da zai sa wani ihu. Ta ce daga yau da gwiwar hannu zai riƙa gwadawa, kamar ruwan wankan jariri. Ya murza kwaɓin har ya daina kama hannu, suka rufe shi da tsumma. Bai yarda zai tashi ba, yana ta ɗaga tsumman yana leƙawa har ta kore shi. Da ya dawo kwaɓin ya cika kwano ya turo tsumman sama. Burodin ranar lami ne, gefe guda ya ɗan ƙone, amma wuƙa ta shige shi ba gardama, kuma ta cinye yanka guda ta miƙo hannu.

Ba ta koma kamfani ba, hannun hagun har yanzu ba ya riƙe yadi. Tana takawa da sanda. Shi kuma yana rufe shago da wuri, wasu masu ba shi aiki sun koma wurin wani. Yaya ta yi fushinta ta gama ta dawo, ita ce ma yanzu take duba masa kayan miya a kasuwa. Lambar tana sauka, wani lokacin ta ɗan hau, kuma duk safiya sai ya ja matarsa da hira kafin ya fita, yana sauraren harshenta.

Kwanan baya matar mai gadin makarantar layinsu ta yi sallama a ƙofa, ido duk ya faɗa. An ce wa mijinta shi ma ya bar gishiri, ya ƙi cin komai, ta rasa yadda za ta yi. Tartsatsi ya waiwaya ya dubi mai kujera.

"Ta zo ranar Asabar," in ji Maman 'Yan-biyu. "Ta taho da mijin, ya zauna ya gani. Kuma ta zo da albasarta, tamu ta kusa ƙarewa."