Baƙin Mai a Cikin Rumbu

Ko ranar kasuwar Bafarawa da ta wuce sai da na yi faɗa da wani mai babur, magidanci da furfurarsa. Na tarar ya buɗe injin yana tsiyaya ɗan sabon mai a kan tsohon da ke ciki. Na tambaye shi yaushe rabonsa da juye, ya ce ai yana ciko. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, na ji wani a bayana yana cewa tsohon direban nan ya cika masifa. Na cika ɗin, kuma ba daga sama na same ta ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, juye shi ne a kwance notin da ke ƙasan injin, tsohon mai ya zube ƙarƙaf, a cire filta, wato matatar da ke tare dattin man, a ɗaura sabuwa, sannan a zuba sabon mai. Ciko kuwa ƙari ne kawai a kan wanda ya riga ya mutu. Bambancinsu kamar na wanda ya yi wanka ne da wanda ya shafa turare a kan dauɗa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar akori-kura. Da ita yake fataucin kaya tsakanin Sabon Birni da Nijar. Dokarsa a kanta guda ce: in mota tana aiki kullum a cikin rairayi da kaya a bayanta, to duk tsayuwar wata a yi mata juye, a sauya filta. Ya ce motar da ke bin kwalta tana iya daɗewa fiye da haka, amma tamu ba ta san kwalta ba sai dai in ta tsallaka ta. Ni na taso ina riƙe masa tasa a ƙarƙashin motar, kuma ni na gaji tuƙin. Yayana kuwa, wanda nake bi, shi ya gaji gidan da fataucin da ta-cewa.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta yi gardama, ta bayanta ta fi ta. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Rijiyoyi suka yi ƙasa, har guga ya riƙa dawowa da laka. Innarmu tana zaune a gidanmu na daji, can bayan Kurawa, tare da shanunta. Wasu an sayar, wasu sun bi makiyaya kudu, wasu sun faɗi. Abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba, amma a ciki akwai jar saniyarta. Asalin wannan saniya daga karsanar da mahaifin Inna ya ba ta ne lokacin da za ta bar gidansu. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka zo kan wannan, kuma ita kaɗai ta saura a jinin. Inna ba ta da hoton mahaifinta, ba ta da gonarsa. Saniyar nan ce abin da ke hannunta nasa.

Fatauci ya tsaya, motar ta koma jigilar ruwa. Kullum sai in sauka gulbi kusa da Sabon Birni, inda ake haƙa ramuka a cikin yashi ana kwalfar ruwa, in cika durom-durom, in kama hanyar daji. Rairayi ne zalla, ga nauyi, ga rana, mota tana nishi a ƙaramin giya tun daga tashi har sauka. Ruwan nan shi mutanen gida ke sha, shi shanu ke sha. In motar ba ta je ba, babu wani abin da zai je.

Wata ya tsaya, na ce wa Yaya lokacin juye ya yi. Ya ce a dakata. Wani watan ya tsaya, ya ce a yi ciko. Da na uku ya kama, na zaro sandar awon mai na kai masa har zaure, na lakato na murza a yatsuna a gabansa. Baƙi ƙirin, ga tsakin ƙasa ana ji a ciki.

Ya duba, ya yi murmushin nan nasa na manya, ya ce, "Ƙanena, mi a sunan abin ga?"

Na ce, "Baƙin mai."

"To madalla. Baƙin mai ya yi baƙi, ina laihi nai? Da hwarin mai aka ce mai, sai mu damu."

Mutanen da ke zaune a zauren suka kwashe da dariya. Baƙin mai suna ne kawai. Sabonsa in ka zuba, kamar zuma yake, kana ganin haske ta cikinsa. Yaya ya san haka sarai, don shi ma ya ga mahaifinmu yana zubawa. Amma ya samu magana mai daɗin faɗi, an kuma yi masa dariya, shi ke nan ta zama hujja.

Kada wani ya ɗauka rashi ne ya hana. Da rashi ne da na haƙura, don a shekarun nan kowa ya san rashi. Man yana nan. A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Maraɗi, da idona na ga Yaya ya sayi galan guda sabo fil da filta a kwalinta. Da muka dawo ya sa tsani, ya hau rumbun gidanmu na daji, ya buɗe, ya saka su a ciki, ya mayar da murfi. Rumbun da ko zangarniya ɗaya babu a cikinsa, sai galan ɗin mai yana zaune kamar sarki. A wurinmu kuwa rumbu ba wurin hawan kowa ba ne. Maigida kaɗai ke buɗe shi. Ƙane ya hau rumbun wansa, daidai yake da ya fito fili ya ce wan ya gaza riƙon gida. Ana iya yafe maka zagi, ba a yafe wannan.

In na tuna masa da galan ɗin sai ya ce, "Ajiya maganin wata rana. Ba mu san inda hwarin ga za shi kai mu ba."

Na ce, "Yaya, watan ranar ai ita ta wagga."

Ya ce, "Kai dai tuƙi anka ba ka."

Da na matsa masa, sai ya kawo dabarar da ta fi ƙin juyen muni. Ya sa na tsiyaye man a tasa, aka bar shi ya kwana ya kwanta. Da safe ya kawo tsohon rawani ya ɗaure a bakin bokiti, ya tace man, ya ce in mayar. Filtar kuma ya sa aka wanke ta da kananzir aka shanya a kan danga. Ya tsaya yana kallon ɗan baƙin da ya maƙale a rawanin yana jin daɗi, wai ga dattin nan duk ya fita. Haka mata ke yi da man ƙosai, kuma su suna da gaskiya, don ƙosai ba ya hawa tudun rairayi da durom a kansa. Ni da hannuna na mayar da man nan cikin injin, ina yi ina cizon leɓe.

Na kai ƙara wurin Inna. Na same ta tana tsiyaye ruwan wanke-wanke a kasko don awaki. A lokacin ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku kafin ya taɓa ƙasa. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, na ce in ba a yi juye ba injin zai buga.

Ta ce, "Ni juya nis sani, saniyar da ba ta haihuwa. Juye kam ban san shi ba."

Na ce, "Inna, ba wasa nika yi ba. In motar ga ta tsaya, jar saniyarki mi za ta sha?"

Ta ce, "Allah na nan. Shekarar ga ba a zubda komi, wan naka ya yi gaskiya. Kuma bin na gaba bin Allah na. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. A shekarar da ake tankaɗe dusa a ci, ka zo kana cewa a zubar da mai galan guda a ƙasa, ai kai ne mahaukaci a idon kowa. Na gane tunaninsu, kuma ganewar ba ta rage mini haushi ko kaɗan ba. Mota ba ta san ana fari ba.

Daga nan muryar injin ta fara sauyawa. Direba yana jin motarsa kamar yadda uwa ke jin kukan ɗanta. Wata 'yar ƙara ta shigo daga can ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas, musamman in an kama tudu. Jar fitilar mai ta fara ƙiftawa. Ranar da Yaya ya biyo ni zuwa gulbi na nuna masa. Ya leƙa, ya ce in tana damuna in rufe ta da hulata.

Ranar da abin ya faru, rana tana tsaka, na cika durom na baro gulbi na yi nisa a daji. A kan wani tudun rairayi ƙarar ta koma kamar ana dukan turmi da taɓarya. Kafin in ɗauke ƙafata, sai gau! Motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya. Na murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Na buɗe gaba, hayaƙi da ƙauri suka buge ni. Na sa hannu in juya injin, ya ƙi motsi, ya kame kamar an yi masa walda. Na tsaya a wurin na zazzagi motar, na zagi rairayin, na kira Yaya da sunayen da ban taɓa kiransa da su ba, babu mai ji sai ƙaya.

Ga ruwa a bayana, ga shanu can suna jira, rabonsu da sha tun jiya. Na kama hanya da ƙafa zuwa Kurawa. Jakunan garin duk sun rame, mai jaki ba ya yarda a ɗora masa kaya zuwa nesa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai washegari wani bafatake ya tausaya ya ba mu aron raƙuminsa. Muka koma wurin motar, muka ɗura jarkoki, muka nufi gida. Kafin mu isa rana ta sake yin tsaka.

Mun tarar jar saniya ta kwanta. Duk wanda ya yi kiwo a shekarun nan ya san saniyar da ta kwanta da wuya ta tashi. Muka zura itace ta ƙarƙashin cikinta, wasu suka kama wutsiya, muka ɗaga, ƙafafun suka lanƙwashe ta koma. Inna ta kawo ruwan a ƙwaryar da take tatsarta, ta durƙusa ta kai mata baki. Saniyar ta tsoma hanci, ta busa, ba ta haɗiya ba. Inna ta daɗe a durƙushe tana shafa mata wuya. Daga baya ta miƙe, ta ce a kawo wuƙa kada ta yi mushe. Da bakinta ta faɗa, sannan ta shige ɗaki.

Ana cikin fiɗa sai na ji motsin tsani. Na waiwaya, sai ga Yaya a kan rumbu. Ya sauko da galan ɗin da filta, ya zo ya dire su a gabana, kusa da fatar saniyar.

Ya ce, "To ga shi. Tahi ka yi juyen naka mu gani."

Na ce, "Injin ya mutu, Yaya. Kai wa gawa hura za ka yi? Maida shi rumbu, wata rana ba ta zo ba tukuna."

Ban taɓa yi masa magana haka a gaban mutane ba. Ya tsaya yana kallon galan ɗin kamar yau ya fara ganinsa, ko hatimin bakinsa ba a ɓalle ba. Motar kuwa a tudun nan ta zauna har rairayi ya binne tayoyinta, daga baya aka sayar da ita ga masu ƙarafa.

Da la'asar Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado, igiyar saniyar tana kan cinyarta tana naɗewa. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Wanga juye da kaka hwaɗi, da an yi shi, da ruwan ya iso jiya?"

Na so in ce mata komai nufin Allah ne, don haka ake faɗa wa mai rashi. Amma raina a ɓace yake, kuma ba ta cancanci ƙarya ba. Na ce, "Da ya iso, Inna."

Ta gama naɗe igiyar, ta ɗaure bakinta. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai da kas sani, mi ya hana ka hawa rumbun?"

Ita ce ta ce in bi na gaba. Maganar ta zo mini har baki, na dubi igiyar da ke hannunta, na haɗiye ta. Inna ta rasu, Yaya ma ya bi ta, ban taɓa tuna mata wannan maganar tata ba. Shi ya sa mai babur ɗin Bafarawa ya sha abin da ba nasa ba.