Sadaka da buhun wani

Muna cikin bas daga Boɗinga za mu Shagari, sai dattijon da ke kusa da ni, wani dillalin albasa, ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, dubi wanga littahi, daɗi gare shi! Kawo lambakka in turo maka, sadaka ta."

Na duba. Littafina ne. An ɗauki hotonsa shafi-shafi har ƙarshe, an tsallake bangon da ke da sunana.

Na ce, "Baba, in na ɗauki albasa guda a buhunka na nuna wa mutane, na ce taka ce fa?"

"Talla ka yi min, Allah shi yi albarka."

"In na kwashe buhun duka na rabar a ƙofar masallaci?"

Ya harare ni. "Da kayan wa? Wagga ai sata ta!"

"To, ni na rubuta littafin nan."

Da muka sauka, sai ya sake miƙo mini wayar. Ya sa na goge masa duka, ban da shafi ɗaya da ya ce in rubuta sunana a ƙarƙashinsa.

Ɗanɗano kam ku raba, da sunan mai kaya. Amma ku faɗa mini, wa ya taɓa samun lada da buhun wani?