Ƙahonin Chollom da Motar Amarya

Jawo kujerar nan ka zauna, in ba ka labarin mutumin da shi kansa bai iya zama ba. In dai ka taɓa bi ta bayan kasuwar Deptford, inda garejoji suka yi layi a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, to ka ga Chollom, ko da ba ka san shi ne ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa, kullum da tsumma a aljihun baya. Shayi ma a tsaye yake sha. Matarsa Tina takan ce tun da aka ɗaura musu aure a Bukuru ba ta taɓa ganin ya gama tuwo a kan kujerar da ya fara ba.

A Bukurun ya koyi kanikanci, zamanin motoci masu kafireto, wurin wani ubangida da bai yarda da kowane gwaji ba sai na kunne. In an gama gyara, sai a fita da mota buɗaɗɗiyar hanya, a ba ta totur, a saurara. Abin da injin ya faɗa a guje, shi ne gaskiyarsa. Da wannan karatu Chollom ya zo London, ya samu aiki a garejin bas a Camberwell. Litinin zuwa Juma'a yana ƙarƙashin jajayen bas masu bene, Lahadi ta coci ce. Asabar kuwa ta motarsa ce, kuma ba mai taɓa masa ita.

Tsohuwar mota ce ƙirar Japan, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Gangar jikinta kawai ya saya, lokacin 'yarsu Chundung tana goye. Abokinsa Uwaisu, Bakano mai gyaran taya da birki a ƙarƙashin gadar, shi ya ba shi lungu ya ajiye ta, wai na ɗan lokaci. Chundung ta yi rarrafe, ta yi firamare, ta gama jami'a, mota ba ta gama ba. Ya sa mata sabon injin mai injekta, ya sake giya, ya sake salansa, ya cire wanda ya sa ya mai da wani. Daga ƙarshe dai komai ya zauna, saura abu guda, wato manifol.

Kada sunan ya ba ka tsoro. Injin da numfashi yake rayuwa kamar ni da kai, manifol kuwa shi ne maƙogwaronsa. Ta nan iska ke shiga ta haɗu da fetur ɗin da injekta ke fesawa. Guda biyu Chollom yake da su a kan benci. Ɗaya kamar tulu ne mai baki ɗaya, da dogayen bututu masu lanƙwasa zuwa kowace silinda, wato ɗakin da fetur ke ƙonewa a cikin injin. Wannan mai haƙuri ne, yana ba mota ƙarfi tun tana tafiya a hankali, amma in gudu ya kai gudu sai numfashinsa ya gaza. Ɗayan kuwa 'yan gajerun ƙahoni ne guda huɗu, suna ƙyalli, kowace silinda da bakinta. A hankali ba su da daɗin sha'ani, sai gunaguni da tari. Amma ka taka totur ya kai ƙasa, ka ji kukan da ke ta da tsikar jiki.

Wannan kukan ne ya hana Chollom sakat. Yana yaro ya taɓa jin irinsa a hanyar Barikin Ladi, wata motar tsere ta wuce kafin ma ya ga launinta, sai kukan ta bar masa a kunne. Shekara da shekaru yana nemansa. Har ya yi booking, wato ya kama gurbi, a wani filin tsere da ke Kent, inda kowa ke iya kai motarsa ya sake ta yadda ransa ke so, aka ba shi wata Lahadi a cikin bazara.

Sai ga Chundung da maganar aure. Ita da Haggai, wani ma'aikacin jinya a babban asibitin Camberwell, sun tsai da rana, kuma ba wata rana ba ce sai Asabar ɗin da ke gaban waccan Lahadin. Ta zo garejin da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗage siket saboda baƙin mai. Ita da in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ranar da Hausa ta yi magana.

"Baba, motar nan ta cinye min Asabar ɗina duka tun ina ƙarama. To ta biya ni. Ita za ta kai ni coci."

Chollom ya goge hannu, ya sake gogewa, ya ce ai ba komai, an gama. Daɗi ya hana shi kallonta ido da ido.

Bayan ta tafi ne lissafi ya dawo masa. Injin mai injekta kwamfuta ke ba shi fetur, ita kuma kwamfutar manifol ɗaya ta sani, wanda aka saita ta da shi. Baturen da ke saita masa ita layi gare shi har na watanni, da ƙyar ya ba shi Larabar makon bikin. Wanda ya kai ranar, da shi za a yi Asabar, da shi za a yi Lahadi. Ba sauyi a tsakani.

Daga nan Chollom ya rasa tudun dafawa. Yau ya ɗaura tulu, ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce wannan ai maƙogwaron motar kai yara makaranta ne, ya kwance. Gobe ya ɗaura ƙahoni, ya ta da injin, ya ji yana rawa kamar mai zazzaɓi, ya kwance. A wurin aiki yana ɗaure ƙafar bas hankalinsa na Deptford. A gida ya zauna ya tashi, ya leƙa taga, ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba. Uwaisu ya ce masa ƙusoshin nan sun gaji, in ya ci gaba da kansu za su riƙa kwancewa in sun hango shi. Chollom ya ce mai facin taya ba shi da baki a zancen injin. Uwaisu ya ce to ya biya kuɗin lungu, shi kuma ya daina sa baki. Haka suke tun farko, ba wanda ke riƙe wani.

Wata safiya ya yi abin da aka koya masa a Bukuru. Ya ɗaura ƙahonin, ya lallaɓa saitin da hannu gwargwadon iyawarsa, ya fita babbar hanyar Kent, ya ba ta wuta. Kukan ya zo. Shi ne, na hanyar Barikin Ladi, bai ragu da komai ba. Ya dawo gareji idonsa jawur, ya ce wa Uwaisu magana ta ƙare, ƙahoni ne. Daga flat ɗinsu na Peckham zuwa coci ai ba nisa, zai riƙe ta da kuloci har su isa.

Da ya ba Tina labari tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago kai ba. Ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinsu, kuma ta riga ta gama nata shirin. Ta ce ta ji, Allah ya sa alheri, amma ya sani mota ba za ta shiga layin coci ita kaɗai ba. Matan zumunta za su tare ta tun daga kwana, da ankonsu da tukwanen kiɗansu, su yi mata jagora a ƙafa har ƙofa, yadda aka yi mata ita a Bukuru. Chollom ya ce nan London ce, wa zai bar su su tare titi. Ta ce sun rubuta wa council, hukumar unguwa, tun tuni, an ba su layin.

"Kuma Mama Nanret ce a gaba, Baban Chundung. Ka san gwiwarta. Yadda ta taka, haka motarka za ta taka."

Chollom ya san Mama Nanret sarai. Tsohuwa ce da ta yi renon rabin 'ya'yan cocin, in ta taho daga ƙofa zuwa kujerarta sai a gama waƙa guda. A nan ne ya gane abin da bai taɓa gwadawa ba. Shekarun nan duka yana tambayar motar yadda take a guje. Bai taɓa tambayarta yadda take a bayan tsohuwa ba.

Washegari ya sa Uwaisu ya zama Mama Nanret. Suka fito da motar lungun bayan garejoji, Uwaisu ya ɗauki jarkar mai da ba komai a ciki, ya shiga gaba yana bugawa yana ɗingishi, har da rausaya. Masu garejin maƙwabta suka fito kallo. Motar ta ja, ta yi tari, ta mutu. Chollom ya sake ta da ita, ya ƙara mata totur kaɗan don kada ta sake mutuwa, sai ta yi tsalle kamar akuyar da aka kwance. Ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, a na uku sai ya ji birkin ya yi tauri kamar dutse. Kan motar ya daki jarkar, jarkar ta daki Uwaisu, Uwaisu ya zauna a kan tarin tayoyi.

Ba wanda ya yi dariya. Uwaisu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya zo ya leƙa ta taga. Birki sana'arsa ce, bai buƙaci a buɗe bonet ba. Ya tuna wa Chollom cewa birkin motar nan da zuƙar iskar manifol yake samun taimako. Tulu yana tara zuƙar, ƙahoni kuwa a hankali ba su da abin ba shi.

"Ni dai na sha, Ɗan Jos, ina da tsoka. Ita tsohuwar fa?"

Akwai dabarar gyara wannan, Chollom ya sani, amma sai an yi odar kaya, an ɗaura, an gwada, kuma Laraba ta ƙarato. Ya yi ta kai da kawo a lungun. Ya shiga gareji ya fito. Ya ɗauki sifana ya ajiye. Daga baya ya kira Chundung, ya fara kewaye-kewaye, wai akwai motocin haya masu kyau, farare, da direba mai hula, shi zai biya, ba sai ta damu ba. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Baba, ni ban ce ta yi gudu ba," in ji ta. "Cewa na yi ta kai ni."

Ran Laraba da tulu ya je wurin Bature. Ƙahonin ya naɗe su a tsohon tawul ya ɗora a saman kanta, ya juya musu baya.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Chundung na baya, farar rigarta ta cika kujera, Chollom na gaba cikin kwat ɗin da ta matse masa kafaɗa. A kwanar layin coci matan zumunta suka fito, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, tukwane da caki a hannu, Mama Nanret a gaba. Ya sa giya ta ɗaya, ya ɗage ƙafa daga kuloci a hankali, ya janye ɗayar daga totur gaba ɗaya. Motar ta bi su da kanta, tana numfashi ƙasa-ƙasa kamar saniyar da ta ƙoshi. Tsohuwa ta tsaya ta juya ƙugu, ya taɓa birki, mota ta tsaya. Ta taka, mota ta taka. Turawan layin suka fito bakin ƙofofinsu da wayoyi.

Ƙafarsa ta dama sai ƙaiƙayi take yi, ba zan ɓoye maka ba. Yatsunsa na ta kaɗa sitiyari. Amma gilashi a sauke yake, kuma da yake injin bai da hayaniya, waƙar tana shigowa har cikin mota, kowace kalma. Waƙar da aka yi wa Tina ce a Bukuru. Can ya ji wata murya a bayansa tana binta a hankali, da Hausar da yake zaton yarinyar ba ta riƙe ba. Bai waiwaya ba. Uwaisu, da ke tsaye bakin ƙofar coci cikin babbar riga, ya rantse ranar ce kaɗai ya ga Chollom ya daɗe a kujera guda ba tare da ya nemi tashi ba.

Lahadi bayan sujada a coci ya tafi Kent, don booking ɗinsa bai yarda ya yi cancel ba. In an fito daga kwana motar takan ja da ƙarfi har ya yi murmushi, amma a miƙaƙƙiyar hanya sai numfashinta ya ƙare, yara masu ƙahoni su wuce shi da kukan nan nasa. Ya dawo ya sauko da tawul daga kanta, ya ce wa Uwaisu da zarar Bature ya ba shi wata ranar, tulu ya tafi ke nan.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Hoton bikin ya zaga wayoyin zumunta, daga Peckham har Jos. Motar da ta bi sawun Mama Nanret ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, ai ta zama motar amare. Wata uwa ta zo gaishe da Tina, ta ce tata 'yar a kaka ne. Wata ta ce nata bikin bayan Kirsimeti. Har Uwaisu ya fara cewa 'yarsa Sakinatu ta kusa aure, kuma lungu dai lungunsa ne. Wanda ya san zumunta ya san ba a ce mata a'a, balle mijin shugaba.

Bature ya ba shi rana, Chollom ya ɗaga. Aka sake ba shi, ya sake ɗagawa. Yanzu haka in ka je Deptford ran Asabar za ka same shi a tsaye, kofin shayi na hucewa a kan benci, yana goge ƙahoni huɗu da ba ƙura a jikinsu, yana kallon motar, yana kallon kalanda.

Uwaisu ya ce Chollom zai ɗaura su. Tina ta ce ba zai ɗaura ba. Kai da ka zauna ka ji, in sifanar tana hannunka, wanne za ka kwance?