Guntun anten da ya yanke mini

Jiya ina share ɗakin ajiya na gidan rediyonmu a Agadas, na tsinci wani guntun bututun ƙarfe, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Tsohon teknisiyen ɗinmu, mai gyaran na'urori, shi ne ya yanke shi daga anten ɗin, wato eriyar da na ƙera da hannuna, na kafa a kan soro. A gaban ma'aikata ya hau da zarto, bakinsa cike da taba da kanwa, ko sallama bai yi mini ba.

Na ce, "Baba, sai da na auna fa."

Ya tofar da tabar kusa da takalmina. "'Yar lakwal, bokonki bai koya miki ba? In anten ya wuce tsawonsa, muryar sama take yi, ba ta bin ƙasa. Ungulaye kike wa sanarwa?"

Aka yi ta dariya. Da damina, masu lambu a Dabaga suka ji gargaɗin ambaliya sarai, suka janye injinansu na ban-ruwa. Shi aka yaba. Ni kuwa har ya rasu "mai sanarwar ungulaye" yake kirana.

Allah ya gafarta masa, ya sassauta masa fiye da yadda tsohon ya sassauta mini.